Kwalabe Biyu Zuwa Axim

"Karanta!"

Kukua ta maka wa Ebo takardar a ƙirji, da ƙarfin da sai da ya ja da baya. Hannuwansa baƙi ƙirin da mai, injin jirgin ruwan wani a buɗe a gabansa. Makanikan bakin tashar Tema kuwa kowa ya ajiye abin da yake yi ya gyara tsayuwa, don faɗan masoya kallo ne na kyauta.

"Kukua, don Allah mu koma gefe..."

"Ba inda zan koma! Karanta nan, ƙasan hoton. Ko ni zan karanta maka? Ai dama aikina ke nan, koya wa yara karatu."

Fastar mutuwar kawunsa ce, Egya Atta na Axim, mai jirgin kamun kifin da babu gaɓar da ba ta san shi ba daga Winneba har bakin iyaka. Ga hotonsa nan ya yafa zane yana murmushi, a ƙasa an jera dangi kowa da matsayinsa. Layi na biyu ne ya taso Kukua daga makaranta tun ba a tashi ba. An rubuta: Magaji, Ebo, tare da matarsa Ewuresi.

"Matarsa!" Ta dangwala yatsa a kan layin. "Yaushe aka yi bikin? Ina nake? A ɗakin malamai aka miƙo min wannan, Ebo. A gaban kowa! Wata har da ce min sannu."

Ewuresi 'yar marigayin ce. A wurinmu ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu, shi ya sa jirgi da taru da inji duk suka nufo Ebo. Tsofaffi kuwa ba abin da ke musu daɗi irin magaji ya auri 'yar kawun, dukiya ta zagayo ta koma inda ta fito. Sai dai Ebo ya riga ya yi nasa zaɓin. Wata bakwai da suka wuce, shi kansa Egya Atta ne ya ja dangi suka je ƙwanƙwasa ƙofar gidan su Kukua da kwalabe biyu na barasar gaisuwa, aka karɓa, aka sa biki bayan Kirsimeti.

"Maame ce ta ba da sunayen," ya ce a hankali, yana nufin mahaifiyarsa, Maame Tawia. "Na rantse da Allah ban gani ba sai da aka liƙa."

"Yaushe ka gani?"

Ya kalli injin.

"Ni ce nan, ba inji ba. Yaushe?"

"Sati uku..."

Sai ta yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo.

"Sati uku kana cin abincina, kana kirana masoyiyata, alhali sunanka da na wata na manne a bangon kowace kasuwar kifi?"

"Na ce in bari a binne Kawu tukuna, sannan in gyara komai..."

"Ranar Asabar, wurin binne shi, za a zaunar da ita a gefenka, ku sa atamfa iri ɗaya, duk bakin teku ya zo ya miƙa muku hannu. Bayan nan me ya rage ka gyara?" Ta goge ido da bayan hannu. "Gobe Alhamis. Gobe kwalabenku za su koma Axim."

Ta juya ta tafi. Yana kiran sunanta, ko waiwaye.

Waɗancan kwalaben an daɗe da zuba su a ƙasa don kakanni, amma al'ada ba ta ce lallai sai su ba. Biyu irinsu, babba daga dangin yarinya ya kai har gidan dangin namiji, in suka karɓa maganar aure ta mutu. Babban da Kukua ke da shi kakarta ce, Nana Mansa, tsohuwar mai bandar kifi wadda hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya amma bai taɓa mata harshe ba. Ta saurari jikarta har ƙarshe, ta aika aka sayo kwalaben, sannan ta kafa sharaɗi.

"Gwiwata ba ta shiga motar haya. Wanda ya jawo tafiyar shi zai ja motar."

"Nana! Ni in zauna mota ɗaya da shi awa nawa?"

"To ki bi mu da ƙafa."

Haka gari ya waye musu a cunkoson Kasoa, Ebo a tuƙi, Kukua a gefensa ta juya masa ƙeya, Nana Mansa a baya ta rungume ƙunshin kwalaben a cinya kamar jariri. Duk ramin da motar ta faɗa sai su yi ƙara. Duk ƙarar da suka yi sai Ebo ya runtse ido.

"Kin karya kuwa?" ya tambaya.

"Nana, ki ce wa direba ya kalli hanya."

A mararrabar Apam tsohuwa ta buga bayan kujera. Wai a sauka cikin gari, tana da ƙawa a bakin ruwa, rabon da ta gan ta tun kafin a haifi uwar Kukua. Kukua ta ce ba ziyara suka fito ba. Nana ta ce ita ziyara ta fito.

Ƙawar dai an ce ta rasu bara. Amma fastar Egya Atta na nan da ranta, a bangon rumfar masu kifi, ƙarƙashin tudun da tsohon gidan Turawa yake. Har guda uku a jere.

Kukua ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta sa farce ta kama gefen takardar, sai ji ta yi an make mata hannu.

"Kul!" Nana Mansa ta zare mata idon nan ɗaya. "Fuskar mamaci za ki yaga? Mutumin da ya tako har gidanmu ya roƙe ki wa ɗansa? Shi ya rubuta?"

"To in bar ta haka, Nana? Kowa ya zo ya karanta?"

Ebo ya tsallaka wani shago, ya dawo da baƙin alƙalami mai kauri, irin wanda ake sa wa kwandunan kifi alama. Ya tsaya gaban fasta ta farko ya ja layi a kan "tare da matarsa Ewuresi", ya koma ta biyu, ya koma ta uku. Ya yi shi da natsuwa, bai taɓa hoton ba. Sannan ya juyo yana kallonta da fuskar mai jiran yabo.

"Jarumi," ta ce. "Sannu da yaƙi. Ka ga nan Maamenka ba ta gani."

Ta wuce mota ta buga ƙofa.

Bai fasa ba. A Saltpond ya tsaya ya soke biyu. A Anomabo ya hau kan wani kifaffen kwale-kwale ya soke wadda aka liƙa can sama. Kukua tana kallonsa ta madubi, tana jin haushin yadda zuciyarta ke motsi duk lokacin da ya miƙa dogon hannun nan nasa. Tana son mutumin nan, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da ba ta sonsa, da tuni ta yi barci a motar.

Daga nan hanya ta matso bakin ruwa. Teku a hagu, shuɗiya har inda ido ya gaji, masunta sun yi layi suna jan taru suna waƙa. Ebo ya rage gudu ba tare da ya sani ba, leɓɓansa na bin waƙar.

"Mota kake tuƙawa ko taru kake ja?"

Ya ƙara mai.

A Yamoransa mata suka yanyame motar da dokunu, tuwon masaran nan da ake naɗewa a ganye. Nana ta saya, ta sa aka kawo soyayyen kifi da barkono, ta baje a cinya kusa da kwalaben tana ci tana santi. Ebo ya ɓare ɗaya, ya cire wa kifi ƙaya tsaf kamar yadda ya saba yi mata, ya miƙa wa Kukua.

"Ki ci ko kaɗan, masoyiyata. Tun jiya..."

"Ka ajiye wa matarka."

"Miƙo min nan," in ji Nana daga baya. "Ni ban yi faɗa da kifi ba."

Sun wuce Cape Coast rana ta take, suka bi layin kwakwar nan da ke kaiwa Elmina. Kukua ta rufe ido don kada ta ga wurin. A nan ne, shekara biyu baya, tayarsu ta fashe, suka zauna a kan yashi suna shan kwakwa ɗaya, ya ce mata shi bai iya magana ba amma in ta yarda zai riƙa gyara mata duk abin da ya lalace har ya mutu. A lokacin daɗi ta ji. Ba ta lura da rabin farko na maganar ba.

A Elmina ma Nana ta ce a tsaya, sai ta ga jirage daga kan gada. Suka fito. Ƙarƙashinsu kwale-kwale ɗaruruwa sun cushe, tutoci na kaɗawa, ƙarnin kifi da hayaƙi sun cika ko'ina. Ebo na neman fasta da alƙalaminsa, sai wani dattijo mai faffaɗan ƙirji ya rungumo shi ta baya.

"Magaji! Ɗan gidan Atta! Kai, mun yi rashi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe masa inji." Ya girgiza shi. "Amma na ga takarda, na ce yaron nan ya yi hankali. Ka auri 'yar gida, wadda ta san kifi tun tana goye. Haka ake yi!" Sai idonsa ya sauka kan Kukua. "Wannan fa? Ƙanwarka ce?"

Kukua ta zuba wa bakin Ebo ido.

"Wannan..." Ya kau da kai. "Kukua ce."

"To, to. Sannu Kukua. Sai mun zo Asabar."

Dattijo ya wuce abinsa.

"Kukua ce," ta maimaita a hankali. Sai muryar ta fashe. "Kukua ce! Kukua wa? Mai sayar da lemo? Wadda ka rage wa hanya?"

"Mutumin na cikin jimami, ban so in..."

"Kullum akwai wanda ba ka so ka ɓata wa rai! Maamenka, kawunka da ya mutu, tsohon da ka gamu da shi a kan gada. Ni kaɗai ce raina ba ya ɓaci, ko? Ni dutse ce?" Ta fizge alƙalamin daga hannunsa ta wurga shi cikin ruwa. "Bango kake iya faɗa wa gaskiya, don bango ba ya amsawa!"

Mata masu tallan kifi suka tsaya da kwanuka a ka. Wata ta ce, "Faɗa masa, 'yar'uwa!" ba tare da ta san kan zancen ba.

Ebo ya dafa ƙarfen gadar, yana kallon jiragen da ke ƙasa.

"Ina da shekara shida teku ta cinye babana," ya ce. "Maame ta tsaya kan murhun banda dare da rana har na zama mutum. Ina da tara Kawu ya sa ni cikin jirginsa. Duk injin da na taɓa gyarawa a Tema, Kukua, ina gyara shi ne ina tunanin ranar da zan koma in riƙe namu. Maame ta ce matar mai jirgi ita ke tarbar kifi a gaɓa, ita ke banda, ita ke kaiwa kasuwa. Ta ce hannun da ya saba da alli ba zai iya ba. Ta ce in ba Ewuresi ba, dangi za su ba wani."

"Kai kuma ka ce me?"

Ya ci gaba da kallon jiragen.

"Ka gani?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ni ban ce ka ƙi uwarka ba. Ban ce ka ƙi jirgi ba. Da ka zo ka ce min, Kukua, jirgi na zaɓa, da na yi kukana na haƙura. Amma ka bar ni ina ɗinka kayan biki, duniya na karanta sunan wata!"

Ta koma mota ta shige baya kusa da kakarta.

Sun wuce Takoradi ke nan sai wayar Ebo ta yi ƙara a tsakanin kujeru, sunan Ewuresi ya fito ɓaro-ɓaro. Kafin ya kai hannu Kukua ta ɗauke, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Ebo nawa, kun kusa? Tela ya kawo rigarka, irin tawa sak..."

"Yana tuƙi."

Sai dariya mai zaƙi ta biyo baya.

"Au, Malama ce? Ashe da ke ake tafe. Sannu da hanya. Ki yi haƙuri fa, bencin dangi ya cika, amma akwai kujeru a baya wurin baƙi. Kin ga fastar kuwa? Ni na kai wa mai bugawa da hannuna. Na ce ya ƙara wa layinmu girma, saboda masu raunin ido."

"Na gani. Ya yi kyau. Sai dai ki sani, mijin takarda ruwan sama ɗaya ke wanke shi."

Ta kashe wayar. Bakinta ya yi nasara amma cikinta ya san wa ke zaune a gidan, wa ke kan hanya da kwalabe.

Nana Mansa ta gyara ƙunshinta.

"Ku saurara ku biyu, don ba zan maimaita ba. Ni ban zo raba ku ba, ban kuma zo haɗa ku ba. In na ajiye kwalaben nan a gaban manya, sun fita hannuna. Za a tambayi yaron nan ko a karɓa. In ya yi shiru an karɓa ke nan, kuma ko ke kika dawo kina birgima a ƙasa ba mai mayar da su." Ta leƙa fuskar jikarta. "In kina so mu juya, ga wuri nan."

Ebo ya ɗago ido ta madubi. Roƙo ne tsantsa a cikinsu.

Kukua ta ji kamar ta ce a juya. Ta san halinsa, ta san in Maame Tawia ta kafa masa ido harshensa mutuwa yake yi. In suka ƙarasa, ta yiwu yau ne ƙarshen ganinta da shi. Amma in suka juya, haka za ta ƙare rayuwarta tana jiran ya buɗe baki.

"Mu je," ta ce.

Da la'asar suka shiga Axim. Ana kafa rumfuna ja da baƙi a ƙofar gidan dangi, ana sauke kujeru daga mota. Aka shigar da su tsakar gida, suka bi manya da gaisuwa daga dama zuwa hagu, aka ba su ruwa. Egya Kobina, shugaban dangi, tsoho mai sanda, yana tsakiya. A damansa Maame Tawia ce cikin baƙin zane, ta ɗaure kai da ja, ko kallon Kukua ba ta yi ba. Ewuresi na tsaye bayanta, kyakkyawa ce ba laifi, ta dafa kafaɗar gwaggonta kamar an riga an gama.

"Nan lafiya, ban da rashin da kuka sani," in ji Egya Kobina. "Ku ne da tafiya."

Nana Mansa ta kwance ƙunshi. Ta ajiye kwalba ɗaya a ƙasa, ta ajiye ta biyu.

"Egya, kun zo gidana kun ƙwanƙwasa, na buɗe muku. Yanzu na ga a bango cewa ɗanku yana da mata. Jikata ba ragowar kasuwa ba ce. Ga abinku."

"Madalla!" Maame Tawia ta tafa hannu. "Kun hutar da mu. A karɓa, Egya, mu ji da gawar da ke gabanmu."

"Tawia, ba ke aka ba wa mata ba." Tsohon ya juya. "Ebo. Ga kwalabe an dawo da su. A karɓa?"

Ebo na tsaye, kansa a ƙasa. Maame Tawia ta kafa masa ido. Kukua ta damƙe jakarta.

"Ebo, da kai nake. A karɓa?"

Bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito. Ewuresi ta yi murmushi. Kukua ta miƙe tsaye ta ɗauki jakarta, don ba za ta bari su ga kukanta ba. Egya Kobina ya yi ajiyar zuciya, ya sunkuya, ya miƙa hannu wajen kwalbar farko.

"Kada ka taɓa, Egya."

Muryar Ebo ce, ƙasa-ƙasa, kamar ba tasa ba.

"Me ka ce?"

"Na ce kada a karɓa!" Wannan karon har masu kafa rumfa a waje sai da suka tsaya. "Ba ni da wata mata. Ewuresi ƙanwata ce, ƙanwata za ta zauna. Wannan da ke tsaye ita Kawu ya nema min, ita nake so, ita zan aura. Abin da aka rubuta a fastar nan ƙarya ne, kuma na gani na yi shiru, na ci amanarta. Ranar Asabar zan faɗa a lasifika kowa ya ji."

"Ebo!" Maame Tawia ta miƙe. "Ni kake ƙaryatawa a gaban mutane? Ni da na ƙone hannuwana a kanka? Duba su! Duba!"

Ya zo ya durƙusa a gabanta, ya kama hannuwan.

"Na san su, Maame. Ba ranar da zan manta. Ki nemi komai a wurina, ban da wannan."

Ta fizge.

"To ka ji. Jirgin ɗan'uwana ba zai shiga hannun wanda matarsa ba ta san kan kifi da jelarsa ba. Egya, ga ɗan ƙanwata can a Half Assini, shi ma jininmu ne. A ba shi!"

Tsofaffin matan da ke gefe suka gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Egya Kobina ya dube su, ya dubi Ebo. Dangi ke naɗa magaji, kuma a gidan nan bakin mata ne dangi.

"Ka ji abin da iyayenka suka ce. Ka tsaya a kan maganarka?"

"Na tsaya."

"A'a!" Kukua ce, ta jefar da jakar. "Wannan zalunci ne! Tun yana shekara tara yake cikin jirgin nan! Banda ce? Zan koya! Ga kakata nan, shekara hamsin tana yi. Don me za ku..."

"Yarinya, ba a gidanku kike ba," in ji Maame Tawia, ta shige ɗaki. Ewuresi ta bi ta tana kuka mai sauti.

Egya Kobina ya sa sandarsa ya tura kwalaben a hankali har gaban Nana Mansa.

"Ba mu karɓa ba. Ku yi haƙuri da abin da aka yi muku. Ranar Asabar 'yarku ce za ta zauna a gefensa, sai dai ba a bencin magaji ba."

"Ko a ƙasa ne," in ji Nana, tana ɗaure ƙunshinta. "A samo min inda zan miƙe ƙafa."

Kukua ta fice. A lungun bayan gidan ya cim mata, ta juyo ta rufe shi da duka a ƙirji da hannu biyu.

"Sai da tsohon ya miƙa hannu! Sai da ka ga raina ya kusa fita! Sati uku, Ebo! Me ya hana ka faɗi wannan tun ranar farko?"

Bai kare ba. Ya bari ta gaji don kanta.

"Ko ranar farko na faɗa, haka za a yi," ya ce. "Na san Maame. Na kuma san ba zan iya rabuwa da ke ba, wannan ban taɓa shakka ba. Kawai dai..." Muryarsa ta karye. "Duk inda na bi ana ce min magaji. Na so in zama mai jirgin nan ko na 'yan kwanaki ne. Na san ke ke biya, na kau da kai. Ki yafe min, masoyiyata."

Ta tsaya tana kallonsa, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Wawa," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Wawan banza. Ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka an gama. Sai ka yi shekara kana lallashi." Ta ja hanci. "Ina yake?"

"Wa?"

"Jirgin. Ban taɓa ganinsa ba. Nuna min."

Suka gangara bakin ruwa. Jirage na jere a kan yashi, rana ta yi sanyi, mata na kwashe kifin ƙarshe. Bai nuna da hannu ba, ƙafafunsa ne kawai suka tsaya a gaban wani dogo mai fenti shuɗi da rawaya, an ɗaura masa jan ƙyalle a goshi saboda makoki. Ebo ya shafa katakon. Ya kifa goshinsa a jiki. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, kuka ya ƙwace masa, irin wanda Kukua ba ta taɓa jin namiji ya yi ba.

Ba ta rarrashe shi ba. Ta juya masa baya, ta tsaya tsakaninsa da gari, ta riƙe ƙugu.

Wasu masunta biyu da ke ɗinkin taru suka ɗago kai. Mata uku masu kwanuka suka rage tafiya, suna leƙe, suna taɓa juna.

"Kallon me kuke yi?" Kukua ta daka musu tsawa. "Ba ku taɓa ganin mai makoki ba? Ku wuce ku ba mu wuri!"

"Ke kuma wace ce?" in ji ɗaya.

"Matarsa."